Talata: root ne ni, amma kanel ya ce ba ni da izini

Tun bayan sallar asuba na zauna gaban kwamfuta da niyyar in gama kafin azahar. Ɗan faci ne, wato ƙaramin gyara, na yi a fayil ɗin fs/namespace.c na kanel ɗin Linux (kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), layuka kaɗan, abin da ya rage kawai in gudanar da gwaje-gwajen da ke cikin tools/testing/selftests/mount in ga ban ɓata komai ba. Na haɗa kanel ɗin, na tayar da shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin tawa, na saki gwajin. Sai ga "not ok", wato ya faɗi, a gaban gwajin run_unprivileged_remount.sh.

Gabana ya faɗi, don na ɗauka facina ne. Wannan gwajin aikinsa shi ne ya tabbatar wanda ba shi da cikakken iko ba zai iya sake ɗaura tsarin fayil (wato haɗa faifai da tsarin don a iya shiga fayilolinsa) ya cire takunkumin da aka sa masa ba, irin su nosuid da nodev da na karatu kawai. In na karya wannan, ai ɓarna ce babba. Na cire facin, na sake haɗawa, wajen minti 20 a wannan tsohuwar kwamfutar tawa da fankarta ke kuka kamar injin markaɗe. Gwajin ya sake faɗuwa. Na ji sanyi a raina, amma kuma kaina ya ƙara ɗaurewa.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi, na gudanar da gwajin shi kaɗai ta ƙarƙashin strace, mai nuna duk kiran da shiri yake yi wa kanel. Ashe ko wajen ɗaura komai bai kai ba. Tun a kiran unshare da CLONE_NEWUSER, wanda da shi shiri yake neman a buɗe masa sabon fili na masu amfani nasa shi kaɗai, yake mutuwa, amsar kuma EPERM, wato ba izini. Ni da na shiga a matsayin root, mai cikakken iko a kan kwamfutar!

Na duba .config, fayil ɗin saitin kanel, na ga CONFIG_USER_NS, mai ba da damar buɗe irin wannan fili, a kunne yake. Da ma da babu shi, gwajin ba zai ga /proc/self/uid_map ba, sai ya fita da lamba 4, wadda a kselftest, tsarin gwaje-gwajen kanel, take nufin an tsallake. Na leƙa /proc/sys/user/max_user_namespaces, lamba ce mai yawa, kuma da iyakar ce ta cika da ENOSPC zan gani. Na zargi AppArmor, wani tsarin tsaro na Linux, tunda na san Ubuntu 24.04 tana taƙaita wannan abin da shi, sai na tuna ban ma saka shi a kanel ɗina ba. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, kunun nan fa ya huce." Na sha shi haka nan da sanyinsa.

Bayan la'asar na daina zato-zato, na buɗe kernel/user_namespace.c na bi create_user_ns layi-layi ina neman duk inda EPERM zai iya fitowa. Ban yi nisa ba na ci karo da current_chrooted. In tushen da shirin yake kallo a matsayin / ba shi ne ainihin tushen da ɗaure-ɗauren suka tsaya a kai ba, kanel ba zai buɗe masa sabon fili na masu amfani ba, ko shi waye. Tun Linux 3.9, a 2013, haka abin yake, kuma yana nan a rubuce a shafin bayanin unshare, wanda na sha karantawa ina tsallake wannan sakin. Dalilin ma mai kyau ne: wanda aka killace da chroot, wato aka tsare shi a cikin wani babban fayil ya zama shi ne / ɗinsa, in aka bar shi ya buɗe sabon fili, zai sami ikon da zai sake kiran chroot ya haura katanga.

Ni kuwa abin da nake yi tun makon jiya ke nan. Ina tayar da kanel da ɗan ƙaramin initramfs na BusyBox, wato tsarin fayil na wucin gadi da kanel ke fara tashi a kai, in ɗaura faifan Debian a /mnt, in yi chroot ciki saboda a can kayan aikina suke. Sauran gwaje-gwajen da nake yi a baya ba su taɓa damuwa ba, shi ya sa na manta ma ina cikin killace.

Gyaran layi ɗaya ne. Na sauya chroot da switch_root a rubutun init, shirin farko da kanel ke tayarwa, switch_root kuwa yana matsar da faifan ya hau kan / gaba ɗaya kafin ya shiga. Na tayar, na gwada ba faci: "ok". Na mayar da facin, na sake jiran fanka ta gama kukanta: "ok", har da na nosymfollow.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Gwajin da ba zai yiwu a cikin chroot ba, a ganina kamata ya yi ya gane hakan ya fita da 4, ya faɗi dalili, maimakon ya nuna kamar kanel ne ya lalace. Na fara rubuta wannan gyaran, amma an kira magariba, kuma batirin ya koma kashi 9. Gobe in Allah ya kai mu.