Yadda na gwada bayanin da wakilin AI ke karantawa kafin ya taɓa katin maras lafiya

Ma'aikaciyar da ke riƙe da rajistar awo, in abu ya shige mata duhu, sai ta leƙa ta tambayi incaji. Wakilin AI, wato manhajar da ake ba umarni ta je da kanta ta ɗauko bayanai ko ta shigar, ba shi da wanda zai tambaya. Abin da aka rubuta masa kan kowane kayan aiki, me yake karɓa, me yake mayarwa, shi ne iyakar saninsa. Don haka da aka ba ni aikin duba kayan da za a haɗa wa irin wannan wakili a wata cibiyar lafiya ta matakin farko a karkarar Jigawa, ban tsaya duba kyan rubutun ba. Aiki na ba shi.

Rumbun bayanan a kan OpenMRS, manhajar adana bayanan marasa lafiya, aka gina shi, ana magana da shi ta tsarin FHIR R4, wato ƙa'idar musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji. A samansa aka ɗora kayan aiki uku: na nemo maras lafiya, na ɗauko sakamakon awo da gwaji, da na shigar da sabo. Na ƙirƙiri marasa lafiya na bogi, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta bar ƙofar wasa da bayanan lafiyar mutane ba. Sai na rubuta tambayoyi irin na bakin ma'aikata, waɗanda na riga na san amsarsu. Amsar kaɗai ba ta isa ba, dole a buɗe jerin kiran da wakilin ya yi a ga abin da ya aika, don yakan dace da amsa ta hanyar da ba daidai ba.

A kan suna aka fara tuntuɓe. Bayanin da aka rubuta kan kayan nemo maras lafiya cewa kawai ya yi "yana nemo maras lafiya da suna". A ƙa'idar FHIR, neman suna daga farkon kalma yake kamawa, bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba. Amma ƙ da k baƙaƙe biyu ne daban a wurin kwamfuta, don haka Kasimu bai fito da Ƙasimu ba, balle Mamman ya fito da Muhammadu. Da wakilin ya ga babu komai, sai ya nufi buɗe sabon kati. Na sa aka rubuta ƙarara: a fara da lambar kati, in ba ta, a gwada rubutun sunan ta fuskoki daban, in mutum biyu suka fito, a tambayi ma'aikaci sunan ƙauye da na uwa ko miji, kada wakili ya zaɓa da kansa.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ma'auni. Kayan aikin lamba tsirara yake mayarwa. Na shigar da awon damtsen yaro 112, a milimita, wato santimita 11.2. Ƙa'ida ita ce yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da damtsensa bai kai santimita 11.5 ba yana da tamowa mai tsanani. Wakilin ya gwada 112 da 11.5, ya ce yaron lafiya lau. Ba kuskuren da ya fito a allo, ba gargaɗi, kuma irin wannan ne mugun. Haka jini: a nan an saba da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, inda 30 ke kusan daidai da Hb (sinadarin haemoglobin) 10, sikari kuma tsakanin ma'aunansa biyu, mg/dL da mmol/L, ninki 18 ne. FHIR na da gurbin ma'auni, wanda ya haɗa kayan ne ya zubar da shi. Bayanin da bai faɗi ma'aunin kowace lamba ba, a wurina ya faɗi, komai tsawonsa.

Ranar haihuwa ma haka. Uwa za ta ce da kaka aka haifi yaron, sai a ƙiyasta rana a sa. OpenMRS na da alamar cewa ranar ƙiyasi ce, amma bayanin bai ambace ta ba, wakilin ya riƙa lissafa riga-kafin mako 6, 10 da 14 kamar ranar tabbatacciya ce.

Sakamako mai yawa shafi-shafi yake zuwa, da mahaɗin "next" mai kai wa shafi na gaba. Jimla guda da aka ƙara a bayanin kan bin wannan mahaɗi ta gyara wannan, bayan wakilin ya ƙirga masu awo daga shafin farko kaɗai.

Sai batun sabis, wanda ɗaukewarsa a ƙauye ba labari ba ne. Na katse intanet da gangan ana tsakiyar shigar da awo. Awon ya shiga rumbu, amsa ce ba ta dawo ba, wakilin ya sake aikawa, awon ya zama biyu. Yanzu bayanin ya ce in amsa ba ta zo ba a fara dubawa ko ya shiga, kuma aka sa sharaɗin If-None-Exist a kiran, don rumbun ya ƙi ƙirƙirar abin da yake da shi.

Duk gyaran da na yi wa bayani, nakan sake bin tambayoyin gaba ɗaya, ba wadda ta faɗi kaɗai ba. Gargaɗin da na ƙara kan suna ya sa wakilin ya koma tambayar ma'aikaci ko da an ba shi lambar kati, sai da na fayyace cewa lambar kati ta wadatar.