Talata: layin da aka cika ba tare da tambaya ba

Tun da na dawo gida bayan la'asar zancen fom ɗin ɗaukar bayanin wata majinyaciya yake cina, har Baban su Auta ya zaci an sake canza mana jadawalin aiki ne. Ɗaliban jinya da aka turo mana sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa sun fara sakin jiki, saboda haka yau na bar kowannensu ya ɗauki bayanin majinyaci da kansa, ni kuma in duba abin da ya rubuta kafin zagayen likita. Da safe abin ya yi mini daɗi, domin sun iso kan lokaci, kuma babu wanda ya maƙale a bakin ƙofa kamar ranar farko.

Wadda ta faɗo hannun ɗalibata mai gilashi wata mai jego ce da ba ta daɗe da yin arba'in ba. Uwar mijinta ce ta kawo ta, saboda ba ta barci, ba ta cin abinci, kuma sai an matsa mata take ba jaririn nono. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, ba a ga sauƙi ba. Ɗalibar ta cika fom tsaf, amma a layin da ake tambayar ko majinyaci yana tunanin kashe kansa sai ta rubuta "babu", alhali ina zaune kusa ina sauraro, kuma na san tambayar ba ta fita daga bakinta ba.

Na ja ta ofis na ce, "Ƙanwata, wannan amsar daga bakin wa kika ji ta?" Ta sunkuyar da kai tana murza biro, can ta ce, "Sista, wallahi nauyi na ji. Musulma ce, ga jariri a cinya, ga surukarta a zaune. Kuma na ji tsoron kada in dasa mata abin da babu shi a ranta."

Na fahimci nauyin, domin a gidajen da muka tashi ba a furta wannan magana, kuma sashe na 231 na tsohon kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin hallaka kansa, ta yadda mai ciwon da danginsa duk suka koyi rufe baki. Amma tsoron nata ba shi da tushe. Jagorar mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, domin ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, ta bayyana cewa tambayar ba ta tunzura mutum, sau da yawa ma tana rage masa nauyin da yake ɗauke da shi. Na gaya mata cewa da ta bar layin ba rubutu da sai in ce mantuwa ce, amma "babu" shaida ce, kuma likita zai gina shawararsa a kanta.

Muka koma tare. Na roƙi uwar mijin, "Hajiya, don Allah a ɗan zaga da yaron waje ya sha iska." Na jawo kujera na zauna gefen mai jegon, ban riƙe fayil ba, na yi mata ya jego, na tambaye ta ƙarfe nawa take farkawa da dare, da abin da ke zuwa mata a rai a lokacin. Ta daɗe shiru, ɗalibar ta buɗe baki za ta cike gurbin, na taɓa hannunta ta fasa. Daga nan na ce, "'Yar'uwa, mata da yawa a irin wannan hali sukan ji rayuwa ta ishe su. Ke ma kin taɓa jin haka?" Ta gyaɗa kai. Sai na yi mata tambayar kai tsaye, ko ta yi tunanin kashe kanta, da ko ta shirya wani abu. Ta ce tunanin yana zuwa mata, kuma tana ganin kanta muguwar uwa, shi ya sa ba ta faɗa wa kowa ba.

Abin da ya biyo baya aiki ne da muka saba. An sanar da likita nan take, kuma da yardarta muka zauna da uwar mijin a kan kada a bar ta ita kaɗai, a kuma kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakinta. Ɗalibar ta yi mamakin yadda na fitar da tsohuwar sannan na sake kiranta, sai na tuna mata Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, wanda tun 1954 a Aro ta Abeokuta ya sa dangi suna zama da majinyacinsu, domin su ne za su koma gida da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne littafin horon da muke sa wa hannu. Yana da gurbin allura da na gwajin jini, yana da na ɗaukar bayani, kuma da ban kasance a ɗakin ba da na sa hannu da zuciya ɗaya, domin takardar ba ta da aibi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta zauna a gaban mai jego ta tambaye ta ba. Ɗalibar nan wata rana za ta iya samun kanta a ƙaramin asibiti a Giwa ko Soba, inda asibitin koyarwa na Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa suke da nisa ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ita ce likita, ita ce nas.

Ban sa mata hannu yau ba, kuma na ga ranta ya sosu. Na faɗa wa Matron cewa daga gobe ba zan amince da bayanin kowane ɗalibi ba sai na zauna na ji shi da kunnena, ko da za mu riƙa gama mutum biyu kacal a yini. Ta ce in fara nemo wanda zai riƙe mini rabon magani na safe.