Godiya ga waɗanda suka tsaya wa 'yata a jarabawar motsa jiki

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, 'yata ta gama jarabawar WAEC ta darasin motsa jiki lafiya, ta rubutu da ta fili duka, kuma ta dawo gida da ƙafafunta. Waɗanda suka san halin da muka shiga bayan ƙaramar salla sun san abin da ya sa na ce da ƙafafunta.

Da ta zaɓi darasin nan a aji huɗu, har cikin dangi an ce min wasa ne, me mace za ta yi da guje-guje. To, wasan nan takarda uku gare shi: ta zaɓin amsa, ta dogon bayani, sai ta fili, inda za a ga gudunka da tsallenka da yadda kake riƙe ƙwallo. Na ga yarinya tana haddar ƙasusuwan jiki 206 da ayyukan zuciya da huhu har dare ya raba, sannan ta tashi bayan asuba ta tafi atisaye.

Godiyata ta farko ga malamarsu ce. Malama, ba ni da bakin gode miki. Shirin ya faɗo cikin azumi da zafin Kano, sai kika mayar da atisayen da sassafe, kika rage masa nauyi, kika hana kowa gudu in rana ta take. Ke kika tsaya aka bar su da dogon wando da ƙaramin hijabi, shi ya kwantar wa babanta hankali. Ke kika koya musu cewa dalma, wato ƙwallon ƙarfe mai nauyi, ba jefa ta ake yi kamar dutse ba, daga gindin wuya ake tura ta, kuma wadda ta fita daga da'irar jifan ta ɓangaren gaba ta yi asarar jifan ko da ya yi nisa. Dalmar mata kilo 4 ce, ranar farko ko ɗaga ta da hannu ɗaya ba ta iya ba. Yau har ƙannenta take koya wa ƙirga bugun jini a wuyan hannu, daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu.

Sai ga targaɗe. Wajen gwajin dogon tsalle ta sauka a karkace, idon sawunta ya kumbura suntum. Ranar ta yi kuka sosai, ta ɗauka shi ke nan jarabawar ta wuce ta. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta hana a murza wurin, ta sa muka je aka ɗauki hoto aka tabbatar ba karaya, sannan ta ɗora mu a kan ƙanƙara a cikin tsumma, da bandeji, da ɗaga ƙafar a kan matashi. Kullum in ta taso aiki sai ta leƙo, ko kwabo ba ta karɓa ba. Yaya, Allah Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya miki zuri'a.

Kawunta kuwa, da ƙafar ta warke, shi yake ɗaukar ta a babur zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, don ta saba da zagayen mita 400 na gaske, tunda filin makarantarsu ƙarami ne. Shi ya saya mata kambas. Ƙawayenta uku na tseren miƙa sanda an ce su nemi wata, suka ce sai dai su jira ta. 'Ya'yana, wannan karamcin ya fi shekarunku, Allah Ya yi muku albarka.

Masu kira da masu saƙo da masu kawo ƙanƙara lokacin da babu wuta, duk mun gani, Allah Ya saka da alheri. Akwai sauran takardu a gabansu kafin su gama, a ci gaba da sa su a addu'a, ita da duk 'yan ajinsu.