Kafin ku cike takardar neman shirin horas da shugabanni

Malaman lakwal, ma'aikatan asibiti da 'yan ƙungiyoyi da yawa a Damagaram sun cancanci shiga shirye-shiryen horas da matasan shugabanni, sai dai takardunsu ke kayar da su tun zagayen farko. Abin da ciwo, don gyaran ba shi da wuya.

Ku fara da sharuɗɗa. Shirin Mandela Washington Fellowship, wanda Amurka ta soma a 2014, ya riƙa ɗaukar 'yan shekara 25 zuwa 35, horon mako shida a jami'o'in can, a fanni uku: kasuwanci, hidimar al'umma da tafiyar da aikin gwamnati. Da Ingilishi aka riƙa yin komai, har hirar tantancewa. Gidauniyar Tony Elumelu, ɗan kasuwar Najeriya, kuwa tana karɓar takarda da Faransanci, amma ta masu kafa sana'a ce. Nema kyauta ne a duka biyun. Duk wanda ya ce ku biya shi don ya shigar da ku, ɗan damfara ne.

Inda aka fi faɗuwa shi ne amsoshin da ake rubutawa. Mutum ya ɓata rabin gurbinsa yana cewa yana kishin ƙasa, alhali kowa haka ya rubuta. Masu tantancewa aikin da aka riga aka yi suke nema. A ce ungozoma ce a Birni: ta faɗi mata nawa suka daina zuwa awo, me ta gano ya hana su, wa ta je ta gani, mai unguwa ko liman, bayan wata shida kuma nawa suka dawo. Tarbiyyarmu ta hana yabon kai, shi ya sa muke ɓuya bayan "mun yi". A nan dole ku ware abin da hannunku ya yi, ba tare da ƙari ba, domin a hira za a bi diddiginsa.

Ku rubuta amsoshin a gefe ku adana, sannan ku kwafa zuwa shafin cike takardar, saboda ɗaukewar wuta da yankewar intanet. Ku ƙirga kalmomi. Sunanku ya zo iri ɗaya a takardar haihuwa, difloma da fasfo: Mahamadou a nan, Mamadou a can, yana jawo jinkiri.

Wanda zai ba da shaida a kanku, ku zaɓi wanda ya ga aikinku da idonsa, ko da ba shi da babban muƙami, ku sanar da shi wata guda kafin lokaci. Ku tura kwana uku kafin a rufe, don ranar ƙarshe shafin kan cushe.