Hukuncin da kowa ya ambata

Zafi tun da safe. Famfo bai kawo ba, sai da Inna ta aiki yara da jarka. Na sha fura na hau kabu-kabu.

Babi na biyu na memuwata, wato kundin kammala karatun shari'a da nake rubutawa, shi ne ya riƙe ni, wanda ya shafi rikicin gona da gado. Akwai wani hukunci da na tarar a memuwar uku na waɗanda suka riga mu, lamba ɗaya, shekara ɗaya, kuma dukansu sun rubuta cewa Cour de cassation, wato kotun ƙarshe ta ɗaukaka ƙara, ce ta yanke shi a shekarun 1990. To ai a lokacin babu ita. Kotun Ƙoli ce ke Yamai, sai tsarin mulkin 2010 ya raba ta, bayan juyin mulkin 2023 kuma aka koma babbar kotu guda mai suna Cour d'État. Ke nan mutum ɗaya ya rubuta, sauran suka kwafa ido rufe. Na buɗe Juricaf, shafin intanet da ke tara hukunce-hukuncen manyan kotuna, na bi hukunce-hukuncen Nijar da shekara, na sake bi da sunan ɓangaren kotu. Lambar ta fito, amma shari'ar ta korar ma'aikaci ce, ko kalmar gona babu a ciki.

Na nuna wa mutuniyata da muke karatu tare. Ko kallon waya ba ta yi ba.

"Ke dai kina son wahala. Wa zai duba? Malam ma ba zai duba ba."

Na ce idan ya duba fa? Ta ce to sai ki ce a littafi kika gani. Na ce littafin ma a ina ya gani? Ta yi dariya, ta ce in na gama tonon asiri in zo mu ci kilishi.

Na yi dariyar ni ma, amma abin ya tsaya mini a wuya har la'asar. Ita ce fa wadda har yanzu take kafa hujja da dokar tsarin kotuna ta 2004 kan batun al'ada, alhali ta 2018 ta maye gurbinta. Gobe za ta sa baƙar riga ta tsaya gaban alƙali, wani tsoho daga ƙauye ya sayar da akuya ya biya ta, ta karanto masa lambar da ba ta taɓa ganin takardarta ba. Ban faɗa mata haka ba. Kilishin ma na ci.

Na cire hukuncin daga babin. Shafi ɗaya da rabi ya tafi da shi, har da sakin layin da na fi so. Na rubuta wa Yaya ko zai leƙa wurin magatakarda a Yamai ya nemo mini kwafi, ya amsa da "in sha Allah", irin tasa.

Wuta ta ɗauke bayan isha'i. Batir saura kaɗan. Babi na uku na OHADA ne, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, su aƙalla hukunce-hukuncen kotunsu ta Abijan suna intanet da lambobinsu.