Tarar da na ci wani dattijo a kan gawonsa

Watan nan na miƙa kaki da makullan babur bayan shekara 27 ina aikin gandun daji a jihar Damagaram. Yaran ofis sun ce in rubuta musu wani abu. Zan fara da abin da har yau nake jin kunyarsa.

A shekarata ta biyu aka tura ni yankin Magarya. Lokacin da dokar daji ta 1974 muke aiki, kuma gawo na cikin itatuwan da aka hana taɓawa sai da izini, ko da a gonarka ya fito. Shugabanmu ba ya tambayar itace nawa ya rayu, ƙarshen wata takardun tara kawai yake ƙirgawa. Wanda ya dawo hannu wofi sai ya ce raggo ne.

Wata rana da bazara na iske wani dattijo ya sare rassan gawo uku ya zuba wa awakinsa. Na ce, "Baba, ka san doka?" Ya ce, "Yaro, wannan itacen tun yana tsayin gwiwata nake kewaye shi da ƙaya. Kai kana ina?" Ban saurare shi ba. Na ƙwace gatari, na rubuta masa jaka goma. Akuya ya sayar ya biya. A ofis kuwa har yabo na sha.

Da shekara ta zagayo na sake bi ta gonar. Manyan gawon na nan, amma duk ƙananan da na gani bara an tumɓuke su tas. Maƙwabtansa ma haka suka yi. Maigari ya faɗa mini a fili: wa zai reni itacen da zai jawo masa mai kaki? Mutanen nan sun fi ni sanin gawo. Sun san yana zubar da ganye da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Da takarda ɗaya na kashe itatuwan da masu gawayi goma ba za su kashe ba.

Na kai maganar wa shugaban, ya ce ba a ɗauke ni aikin tausayi ba. Shi dai wannan mutumin, da sassaben zamani (wato manomi ya bar itatuwan da suka tsiro da kansu a gonarsa ya rene su) ya yi suna, Turawa suka fara zuwa Matamaye da Mirya kallon gonaki cike da gawo, shi ne a gaba wajen jawabi. Allah ya ba shi lafiya.

Dokar 2004 ta sassauta abubuwa, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne. Manoma sun riga takardar da shekaru.

Sauran shawarwarina gajeru ne. Kada ka shiga rikicin burtali ba tare da maigari da wakilin makiyaya ba. Kada ka karɓi kuɗi ba takarda, ko dala ɗaya ce. Motar itacen mai faɗa a ji, ka rubuta lambarta ko da ka san waya za ta zo a sake ta.

Dattijon ya rasu kafin in samu ƙarfin halin komawa. Ɗansa na miƙa wa gatarin.