Office 2010 da 2019 a Kwamfuta Ɗaya: Yadda Muka Kaya a Shagona

Shagona na buga takardu yana bakin tasha a wani ƙauye da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. Katin gayyatar biki, takardar neman aiki, sakamakon jarrabawar makarantun firamare da na Islamiyya, duk a nan ake kawowa. Da Office 2010 na saba, wato kunshin manhajojin Microsoft mai Word na rubutu da Excel na lissafi, yatsuna sun san inda komai yake ko da idona a rufe. Abin da ya sa na waiwayi sabo shi ne takardun PDF da mutane ke turowa ta WhatsApp su ce a gyara musu suna ko kwanan wata. Word 2010 ba ya buɗe su a gyara, sai daga na 2013 zuwa sama. Ga kuma Microsoft ta daina kula da 2010 tun Oktoban 2020.

Ban yarda a cire tsohon ba. Ƙanena da ke karatu a Dutse shi ya ɗora mini 2019 a gefensa. Ya ce sharuɗɗan ba su da yawa: dole kwamfutar ta kasance kan Windows 10 ko sama, tsohon ya riga sabon shiga, kuma su zo ɗaya a gini, idan tsohon 32-bit ne to sabon ma 32-bit. Da a ce 2016 irin na faifai gare ni, ba za su zauna tare da 2019 ba, don lambar cikinsu ɗaya ce, 16.0.

Sun zauna lafiya, sai dai sabon ya yi irin ta amarya, ya mamaye gida. Duk fayil ɗin da na danna sau biyu shi ke buɗewa. Idan tsohon nake so, sai na fara kunna shi tukuna sannan in jawo fayil ɗin daga cikinsa. Yana kuma ɗan nauyi wajen tashi, abin da mai aiki da batirin sola ba zai kasa lura da shi ba.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne Excel. Wajen fitar da darajar ɗalibai, A zuwa F, a da umarnin IF, mai ce wa Excel idan kaza ne to rubuta kaza, nake cusawa cikin wani IF har kaina ya ɗaure. 2019 ya zo da IFS, layi ɗaya an gama. Na haɗa wa wata makaranta takardar sakamako da shi, na sa a filas. Da hedimasta ya buɗe a tsohuwar kwamfutarsa komai ya fito daidai, saboda Excel yana ajiye amsar ƙarshe da ya lissafa. Yana gyara makin yaro ɗaya, gurbin darajarsa ya koma #NAME?, a layin sama mai nuna umarni kuma an rubuta _xlfn.IFS. Ya kira ni ya ce, "Malam, kwamfutar ta fara yaren da ban sani ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, kawo filas ɗin, ba ta lalace ba." Tsohon Excel ne bai san IFS ba, haka ma sauran sababbin umarni irin su TEXTJOIN da MAXIFS.

A nan na ga ranar ajiye tsohon. Yanzu duk aikin da zai fita daga shago a filas, sai na buɗe shi a 2010 na taɓa lamba ɗaya in ga ko zai yi tari. Word ma haka, takarda mai shafi ɗaya cif a sabon takan zubo da layi zuwa shafi na biyu a tsohon. Wanda bugawa kawai zai yi, PDF nake ba shi, babu abin da zai motsa, har ƙ da ɗ da ɓ suna nan yadda na sa su.

Tambayar da nake fara yi wa mai kawo aiki yanzu ita ce wace kwamfuta za ta buɗe shi bayan tawa. Yawancin makarantun yankinmu har yau 2007 da 2010 suke kai, don haka sakamakon jarrabawa ya koma IF cikin IF, PDF da katin biki kuma na 2019 ne.